Zuma ta harba, rina ta harba: me za a yi a gida, yaushe za a ruga asibiti?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda zafi ya kankama saƙonnin harbi suka cika min waya, kuma ba abin mamaki ba ne, daga Maris zuwa Mayu nan Sakkwato zafi yana wuce digiri 40, ita kuma zuma ruwa take ɗiba ta kai amyarta don ta sanyaya ta, shi ya sa kuke ganinta ta yanyame bakin famfo da gindin randa da wurin masu rake da masu mangwaro. Na zaɓo waɗanda suka fi maimaituwa, na bar su yadda aka rubuto.

Tambaya: Anti ina wuni. Ɗana mai shekara 7 zuma tah harbe shi ga yatsa wurin famfo, kan in hito maƙwabta sun shafa mai kanwa da makilin, wata ta murza albasa, yatsan dai yak kumbura yaro na ta kuka. Bayan kwana biyu kuma rina tah harbi baban shi har wuri uku ga wuya, munka duba ba mu ga ƙari ba, yas sa ni in tone wurin da allura wai ƙarin ya shige ciki, ban ga komi ba sai jini. Dan Allah mi ab bambancin su, kuma mi ya kamata in yi in an sake? Daga wata uwa, Mabera.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Maigidanki dai ya sha allura a banza, rina ba ta barin ƙari. Ƙarinta santsi gare shi, tana sokawa ta zare ta sake sokawa, shi ya sa ƙwaro ɗaya ya yi masa uku kuma ta tashi abinta lafiya lau. Ita zuma ƙarinta yana da 'yan ƙananan haƙora da suka kalli baya, in ya shiga fatar mutum ba ya fita, da ta yunƙura za ta tashi sai ya tsinke daga jikinta tare da jakar dafin da wani sashe na cikinta, ita kuma ta je ta mutu. Harbi ɗaya take yi a rayuwarta. Don haka in kika ga wani ɗan baƙin tsinke a tsakiyar wurin da ɗan farin abu a samansa, zuma ce. In ba ki ga komai ba sai jan ɗigo, ko kuma ɗigo biyu uku kusa da juna, yawanci rina ce, a rabu da wurin kada a tone shi.

Wannan ɗan farin abin shi ne jakar dafin, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ko bayan zumar ta tashi jakar tana ci gaba da matsa kanta tana tura dafi, kamar sirinjin da aka bari a jiki ana ta danna shi, cikin kamar minti ɗaya kusan duka ya shige. To kin ga lokacin da maƙwabta suke ta guje-gujen neman kanwa da makilin, ƙarin yana nan zaune yana aikinsa. Abu na farko kenan, a cire shi nan take. Da farce, da gefen katin ATM, da bayan wuƙa, duk abin da ke hannu a kankare shi gefe. A da ana ta jan kunne wai kada a kama da yatsu don kada a matse jakar, amma da aka gwada an ga saurin cirewa ya fi yadda aka cire muhimmanci, in yatsu ne kawai gare ki fizge shi, kada ki tsaya neman hantsaki a ɗaki.

Na biyu ku bar wurin. Zuma in ta yi harbi tana barin wani ƙamshi a jikin ƙarin, masu kiwonta suna cewa yana kama da na ayaba, wannan ƙamshin kiran 'yan uwanta ne su zo su tayata. Haka in aka murƙushe ta a jiki.

Sai a wanke da ruwa da sabulu. Sai sanyi, ƙanƙara a cikin tsumma mai tsabta a ɗora minti 10 zuwa 15, a ɗaga a huta a sake, ba a ɗora ƙanƙara tsirara a fata musamman ta yaro. In ba wuta ba ƙanƙara, fiya wata mai sanyi daga shago ko tsumma da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar. In a hannu ne a cire zobe da awarwaro tun kafin kumburi ya kama su, wallahi na ga zoben da sai da aka yanke shi saboda an bari har washegari. A ɗaga hannun ko ƙafar sama. Farasitamol don zogi, in ƙaiƙayi ya dame shi Piriton, babba ƙwaya 1 ta miligiram 4, yaro kuma na ruwa gwargwadon shekarunsa, ki tambayi mai ilimin magani kada ki yi ƙiyasi. Piriton yana sa barci, ɗan kabu-kabu ko direba gara ya sha setirizin. Yara 'yan ƙasa da shekara 16 ba a ba su asfirin. Raɗaɗin yakan lafa cikin awa ɗaya zuwa biyu, kumburi da ƙaiƙayi kwana ɗaya zuwa uku, a yanke wa yaron farce don susa ce ke jawo ƙwayar cuta ta shiga.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Na gani ga waya wai dafin zuma tsami gare shi sai a sa bekin soda, na rina kuma akasin haka sai a sa khal ko lemun tsami su kashe shi. Gaskiya na? Kuma wane maganin gida yaf fi aiki? Daga wani ɗalibi, Arkilla.

Amsa: Wannan maganar ta daɗe tana yawo tun kafin a san waya, kuma tana da daɗin ji ga wanda ya yi kimiyya a sakandare. Gaskiya ne dafin zuma yana da ɗan tsami. Amma ba tsamin ke sa zafi ba ƙanena. Abin da ke ƙona ka wani sinadari ne da ake kira melitin, shi ne kusan rabin busasshen dafin zuma, aikinsa fasa ƙwayoyin jiki, ga kuma wasu sinadaran da ke sa jikinka ya saki abin da ke kawo kumburi da ƙaiƙayi. Sannan dafin nan ɗan mitsitsi ne kuma a ƙarƙashin fata aka zuba shi, nan da nan ya bazu cikin nama, kai kuma kana shafa soda a sama, ina za su haɗu? In ka kwaɓa sodan da ruwan sanyi ka ji sauƙi, sanyin ne ya yi aiki.

Ni yadda nake kallon magungunan gida, akwai waɗanda ba sa cutarwa ko da ba wani aikin kirki suke yi ba. Zuma kanta in an shafa, ruwan alobera, makilin da man zafi irin su Robb waɗanda ke sa fata ta ji sanyi-sanyi hankali ya ɗauke daga zogin, yankakkiyar albasa, duk waɗannan in tsohuwar gida ta dage sai an sa, ba sai an yi faɗa da ita ba, a bari ta sa bayan an cire ƙari an wanke. Amma a sani mafi yawan harbi da kansa yake warkewa, duk abin da aka shafa ƙarshe shi ke kwasar yabo.

Waɗanda nake roƙo a daina su ne kanwa, don tana cin fata, na ga yaran da harbin ya warke tabon kanwa ya rage. Tafarnuwa dakakkiya in aka ɗaure ta a wurin ita ma tana ƙona fata har ta yi bororo. Fetur, kananzir da man birki, waɗannan na makanikai ne, ban san wa ya fara ba amma Allah ya shirye shi. Laka da ƙasa da kashin shanu su suka fi ba ni tsoro, don ƙwayar tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, a cikinsu take zama, ka ɗauke ta da hannunka ka liƙa a kan huda. Garin taba ma a bar shi. Sai tsaga da reza da tsotsa da baki da ɗaure hannu tamau da igiya, babu wanda ke fitar da dafi a cikinsu, rauni kawai ake ƙara wa mutum.

In kana so ka ajiye abu a gida, ka ajiye kalamin ko man haidirokotizon na kashi 1 cikin 100 don ƙaiƙayi, da farasitamol, da maganin alaji irin su Piriton. Ibufurofen ma yana rage zogi da kumburi amma mai olsa da mai ciwon ƙoda da mai ciki su bar shi.

Tambaya: Malama, rina tah harbe ni ga bayan hannu ranar Talata ina gyaran rumfa, ranar Laraba hannun yak kumbura har gwiwar hannu, ja, da zahi. Nat tahi kemis anka ba ni ampiclox anka ce dafin ya zama ciwo. Ina cikin haɗari? Daga wani magidanci, Runjin Sambo.

Amsa: Malam, yadda ka kwatanta wannan shi ne babban kumburin wuri ɗaya, wato jikinka ya mayar da martani fiye da kima amma a nan inda aka harba kawai. Yakan wuce faɗin santimita 10, yana ƙaruwa har kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya fara sacewa a hankali, yana iya kai mako ɗaya har kwana 10. Yana da ban tsoro a ido amma yawanci ba haɗari. Ƙwayar cuta ba ta cika kama wuri cikin kwana ɗaya haka ba, shi ya sa antibayotik irin ampiclox ɗin nan a rana ta biyu sau da yawa asarar kuɗi ce. Ka rataye hannun sama, ka riƙa sa sanyi, ka sha maganin alaji. In ya hana ka aiki ka je asibiti, likita na iya ba ka maganin rage kumburi na 'yan kwanaki. Abin da zai sa ka koma da gudu, zazzaɓi, ko mugunya, ko jan layi ya kama hanya yana hawa sama zuwa hammata, ko bayan kwana uku zogin yana ƙaruwa maimakon raguwa. In kana da ciwon suga kada ma ka jira waɗannan, ka kai a duba.

Tambaya: Malama, Allah shi ƙara basira. Ƙanena ya hi shekara 20 shina ɗibar zuma, harbi bai dame shi ba ko kaɗan. Watan jiya guda ɗaya tak tah harbe shi ga kunne, ba a yi minti 10 ba jiki nai duk yay yi borin jini, leɓɓa sunka kumbura, murya tad dishe, yac ce shina ganin duhu, yaf faɗi. Munka ɗura mai manja da nono, munka zuba mai ruwa, da ikon Allah yaf farfaɗo. Wasu na cewa ba zuma ba ta, turo mai anka yi. Yanzu shina son komawa aiki nai. Mi kika gani? Daga wani dattijo, Bodinga.

Amsa: Baba, Allah ya tsare gaba, amma zan faɗa maka gaskiya ba ɓoye-ɓoye, ƙanenka ya leƙa lahira ya dawo. Ba turo masa aka yi ba, kuma ba manja ya tashe shi ba, kwanansa ne bai ƙare ba. Wannan ita ce alaji mai tsanani, kuma a duk maganar harbi babu abin da ya kai ta muhimmanci, don ita ce ke kashe mutum da harbi ɗaya.

Yadda abin yake, duk lokacin da aka harbi mutum jikinsa yana riƙe da shaidar dafin. A wasu mutane garkuwar jiki sai ta ɗauki dafin a matsayin babban abokin gaba, ranar da aka sake harbi sai ta yi ɓarin sinadarai a jiki gaba ɗaya, jijiyoyin jini su buɗe, jini ya faɗi ƙasa, hanyar numfashi ta kumbura ta tsuke. Shi ya sa maganar "ai ya saba" ba ta da tabbas, masu ɗibar zuma da iyalansu suna cikin waɗanda abin ya fi samu, saboda su ake yawan harbi. Yawanci yana farawa cikin 'yan mintuna, da wuya ya wuce awa ɗaya.

Yadda za a gane shi sauƙi ne in an riƙe abu ɗaya: a dubi abin da ke faruwa nesa da inda aka harba. An harbi ƙafa amma fuska ta kumbura, ko borin jini ya feso a ciki da baya, ko tafin hannu yana ƙaiƙayi, murya ta canza, haɗiyar yawu ta gagara, numfashi yana fito, amai da murɗar ciki, jiri, zufa mai sanyi, suma. Ko ɗaya daga cikin na numfashi da na jiri ya isa, ba a jira a ga sauran.

Maganinsa ɗaya ne, allurar adirenalin a naman cinya ta waje, babba miligiram 0.5, ana iya maimaitawa bayan minti 5 in bai ji sauƙi ba, kuma wannan aikin ma'aikacin lafiya ne. Piriton ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jinin da ya faɗi, kada a ba shi a zauna ana jira. Ɗura kuma da kuka yi, Baba kada a sake, mutumin da maƙogwaronsa ya kumbura ko ya suma in aka zuba masa manja yana iya wucewa huhu, a je neman sauƙi a ƙaro wata masifar. Abin da za ku yi, a kwantar da shi rigingine a ɗaga ƙafafunsa sama, in numfashi ke wahala a bar shi ya jingina a zaune, in ya suma yana numfashi a juya shi gefe, mai ciki a kwantar da ita a gefen hagu. Kada a tashe shi tsaye, kada a ce ya taka da ƙafarsa zuwa titi, ɗaukarsa za a yi, tsayuwa kwatsam a wannan halin ta kashe mutane. A nufi asibiti mafi kusa, ba lallai sai an shigo cikin gari Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ba, mafi kusa dai, kuma da an shiga a ce "zuma ta harbe shi numfashi ya tsuke", don a san ba layi zai bi ba. Ko ya farfaɗo a hanya a ƙarasa, saboda abin yana iya dawowa bayan wasu awoyi, shi ya sa ake riƙe mutum a sa masa ido.

Maganar komawa aiki kuwa, ni dai a ganina kada ya koma sai ya ga likita. Babban mutum da ya taɓa yin irin wannan, yiwuwar ya sake yi a harbi na gaba tana da yawa sosai. Akwai alƙalamin adirenalin da mutum ke yawo da shi ya soka wa kansa a cinya, irin su EpiPen, yana da tsada kuma ba kowane kemis ke da shi ba, amma a tambayi likita abin da zai yiwu. A gaya masa duk magungunan da yake sha, don wasu magungunan hawan jini irin su atenolol suna sa adirenalin ya kasa aiki yadda ya kamata, haka in yana da asma. Ya koya wa yaran gida sana'ar su riƙa hawa, shi ya koma sayarwa, ai ba a rasa abin yi a harkar zuma. Dafin zuma da na rina ba iri ɗaya ba ne, mai alajin ɗaya ba dole ya yi na ɗayan ba, amma ba abin da za a gwada a gani ba ne.

Tambaya: Anti, muna gona wajen Wurno zuma tat taso muna, wani yaf faɗa ruwa, wani yak kwanta ƙasa, ni nag gudu. Wanda yak kwanta shi yaf fi shan harbi, kai da wuya duk ƙari, ba su ƙirguwa. Ya ce lahiya tai lau, kwana biyu hitsari nai yay yi baƙi. Daga wata matashiya, Wurno.

Amsa: Ƙanwata in har yanzu yana gida, a kai shi asibiti yau ɗin nan kafin ki gama karanta sauran. Wannan daban ne da alaji, yawan dafin ne kansa ya zama guba, yana narkar da tsoka yana fasa ƙwayoyin jini, tarkacen su je su toshe ƙoda, baƙin fitsari ko ƙarancinsa alamar haka ce, kuma abin yakan ɓoye kwana ɗaya ko biyu mutum yana cewa garau yake. Duk wanda ya sha harbi gommai a kai shi a duba jini da fitsari ko yana dariya, yaro ƙarami da tsoho kuwa ko bai kai haka ba, don jikinsu ba ya ɗaukar abin da na ƙato zai ɗauka.

Ke kika yi daidai da kika gudu. Zumarmu ta Afirka ta fi ta Turai faɗa nesa ba kusa ba, tana fitowa da yawa kuma tana bin mutum mita ɗaruruwa. 'Yan uwanta ne aka kai Burazil a 1956 don a inganta kiwo, suka kuɓuce a 1957 suka bazu har suka isa Amurka a 1990, can har yau tsoronsu ake ji. In ta taso a ja mayafi ko riga a rufe kai da fuska a bar ido, a miƙe da gudu ba tsayawa kaɗe-kaɗe da hannu, a shige ɗaki ko mota a rufe, 'yan kaɗan da suka biyo ciki sun fi dubban da ke waje sauƙi. Kwanciya ƙasa ba ta yaudararta. Ruwa ma ba mafaka ba ne, tana shawagi a sama duk ɗagowar da za ka yi ka shaƙi iska fuska za ta samu, ga haɗarin nutsewa. In da ƙaramin yaro a sungume shi a rufe shi. Bayan an tsira a hau kankare ƙari da sauri, mutum biyu uku a kansa. Harbi a cikin baki ko maƙogwaro, wanda yakan faru in ƙwaro ya faɗa cikin gwangwanin lemo an kurɓa ba a duba ba, da harbi a ƙwayar ido, su ma na asibiti ne ko guda ɗaya ne, in na baki ne ko maƙogwaro a hanya a ba shi ƙanƙara ya tsotsa in yana iya haɗiya.

Tambaya: Malama, rina ta yi gida ƙarƙashin kwanon zaurenmu, zanzaro ya cika bangon ɗaki da laka, ga kuma zuma ta dunƙule bisa dogon yaro ƙofar Islamiyya. Samari sun ce a watsa fetur a kunna. Daga wani malamin Islamiyya, Gidan Dare.

Amsa: Malam a hana su, an sha ƙona gida da rumfa garin ƙona gidan rina, kuma waɗanda wutar ba ta ci ba a kan yara za su huce. Ukun nan kowanne da halinsa. Zanzaro shi kaɗai yake rayuwa, ba shi da rundunar da zai kare, lakar nan ɗakin 'ya'yansa ce, yana sumar da gizo-gizo ko tsutsa ya cusa ciki ya yi ƙwai ya toshe, da wuya ya harbi mutum sai an damƙe shi, a kankare lakar a share kawai. Rina ita ce mai tsaron gida, gidan nata da take tauna itace ta gina shi takarda-takarda, in yana wurin da mutane ke wucewa a cire shi, amma da dare ko da asuba lokacin da suka lafa, da maganin feshi na ƙwari, mutum ya rufe jikinsa ruf, ba a kan tsani mai rawa ba, kuma ba mai alaji ba. In yana can nesa a bar shi, tsutsar da ke cin amfanin gona take kamawa ta ciyar da 'ya'yanta.

Zumar da ta dunƙule a reshe kuwa ƙaura take yi, sarauniya tana tsakiya, wasu sun tafi neman sabon wuri, a wannan halin ba ta cika faɗa ba in ba a jefe ta ba, kuma sau da yawa kwana ɗaya ko biyu ta tashi. A tsare yara daga jifa, a canza musu ƙofa, in ta ƙi tashi a kira mai kiwon zuma ya zo da hayaƙi da amya, murna ma zai yi. Kai ka fi ni sanin hadisin da ya hana kashe kudan zuma, sai ka tuna wa samarin.

Tambaya: Hajiya, an ce harbin zuma na maganin ciwon gwiwa da sanyin ƙashi, har akwai mai kamo ta shina ɗora ma mutane. Ince Alƙur'ani ya ce akwai waraka gare ta? Daga wata dattijuwa, Tudun Wada.

Amsa: Inna, ayar tana cikin Suratun Nahl, aya ta 69, kuma abin sha da ke fitowa daga cikinta aka ambata, wato zumar da muke sha, ba harbin ba. Babu wata ƙwaƙƙwarar hujja ta likitanci da ta nuna harbi yana warkar da gwiwa, zafinsa ne ke danne na gwiwar na ɗan lokaci. Haɗarin kuwa tabbatacce ne, a 2018 likitoci a Sifaniya suka ba da rahoton wata mata mai shekara 55 da ta yi kamar shekara biyu ana mata wannan harbin duk wata ba matsala, rana ɗaya numfashinta ya tsuke a wurin, babu adirenalin a kusa, daga baya ta rasu a asibiti. Ki sha zumarki da ruwan ɗumi in ba ki da suga, kada dai a lasa wa jinjirin da bai cika shekara 1 ba, gwiwar kuma ki kai a duba ta a ga ko gugar ƙashi ce, akwai motsa jiki da magungunan da ke taimakawa.